Shawara ga ɗalibai masu rubuta wasan kwaikwayo kan yaƙi

Duk ɗalibin da ya ɗauki yaƙin basasar Najeriya na 1967 zuwa 1970 zai kai shi dandamali ya ɗauko babban kaya, kuma inda aka fi yin tuntuɓe shi ne wajen mai kisa. Kada ku mai da shi shaiɗan. Ku ba shi hujjar da shi kansa ya yarda da ita: an kashe ƙaninsa, ko an ce masa garinsu yake karewa, ko umarni ne daga sama. Bari hujjar ta kusa shiga zuciyar mai kallo, sannan ya ga abin da ta haifar.

Abota kuwa, tana nan cikin tarihi. Obasanjo da Chukwuma Nzeogwu aminai ne, yaƙi ya sa su ɓangare daban-daban. Nzeogwu ya mutu kusa da Nsukka a Yulin 1967 yana yi wa Biyafara yaƙi, sojojin tarayya suka binne shi a Kaduna. Shi ne kuma ya jagoranci harin da aka kashe Sardauna ranar 15 ga Janairun 1966. Wajibi ne marubuci ya riƙe duka biyun: abotar da kuma kisan.

Jan fenti da ƙarar bindiga ba su ke taɓa zuciya ba. Soja yana naɗe bargon abokinsa da ba zai dawo ba ya fi su nauyi.

Kafin ku rubuta komai, ku je ku gaishe da tsofaffin sojoji da matan da suka rasa mazajensu, ku nemi izininsu, ku saurara da kyau.