Yadda Ake Gane Ɓoyayyen Aibin AC Kafin Sayen Motar Hannu

A Batsari da Safana, motar hannu kan sauya mai ita ne ta hanyar dillali, babu garanti. Wanda ya saya da hunturu ba ya gane AC ɗin na da matsala sai zafin Afrilu ya kai digiri 40.

Gas ɗin AC, wanda a yawancin motocin nan R134a ne, ba ya ƙonewa kamar fetur, zagayawa yake yi cikin rufaffen bututu. Idan ya ragu, to akwai yoyo. Mai mota na iya cika shi ana gobe ciniki, sanyin ya riƙe na 'yan makonni kawai.

Matakan gwaji:

1. A ajiye motar a rana, a kunna AC na minti 15 tana tsaye.
2. A buɗe bonet a lura da kwamfureso. Yawan kamawa da saki cikin 'yan daƙiƙu alamar ƙarancin gas ce.
3. A duba kwandensa da mahaɗar tiyo. Inda ƙura ta manne wa maiƙo, nan yoyon yake.
4. A tambayi mai motar, a gaban shaidu, yaushe aka cika gas.

Yoyon cikin dashbod ya fi cin kuɗi, domin sai bakanike ya kwance shi gaba ɗaya. Don haka a cire kuɗin gyara kafin a sallama.