Amsoshin Tambayoyinku: Me Ya Sa Hotunana Ke Fitowa Dishi-Dishi?

Wani mai sauraronmu daga Zariya ya ce ya sayi ƙaramar kyamara mai araha, amma hotunansa dishi-dishi suke fitowa.

To Malam, galibi rawar hannu ce. Ka riƙe kyamarar da hannu biyu, ka manne gwiwar hannunka da jikinka. Maɓallin ɗauka da ke sama mataki biyu gare shi: ka danna rabi, ka jira koren akwati ya bayyana a allon, sannan ka ƙarasa dannawa a hankali.

Game da alamomin da ke jikin kyamarar kuwa, harafin T yana jawo abu kusa, W kuma yana faɗaɗa fili. Alamar fure ta ɗaukar ƙananan abubuwa ce daf da daf. Hasken filasha bai cika wuce mita 3 zuwa 4 ba, don haka da dare ka matso kusa.