Daga Zaure Zuwa Waya: Ra'ayin Mutanen Birnin Zariya Game da Na'urorin Sadarwa

Manufar wannan maƙala ita ce a duba yadda mutanen cikin Birnin Zariya suke karɓar na'urorin sadarwa na zamani, da irin hukuncin da suke yanke musu. Wurare biyu za a nemi wannan hukunci: majalisa, watau wurin hirar maza a zaure ko a dakalin ƙofar gida, da kuma sunayen da jama'a suke laƙaba wa na'urorin.

Majalisa da Labari

Duk wanda ya shiga ta Ƙofar Doka ya nufi Babban Dodo, ko ya kutsa lungunan Kwarbai da Ƙaura da Unguwar Juma, zai tarar da majalisu bayan La'asar. Kowace da mutanenta, kuma galibi tsara ne. Da yawansu maɗinka ne, hannu yana kan aikin babbar riga, kunne yana kan rediyo. Ɗinkin hannu sana'a ce da ba ta hana baki motsi, saboda haka a nan ake tankaɗe labarin duniya a rairaye shi.

Zariya ta daɗe da sanin labarin da na'ura ta kawo. A nan aka fara buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a watan Janairu 1939, Malam Abubakar Imam yana editanta, aka kuma kafa Kamfanin Gaskiya a Tukur-Tukur a 1945. Mutum ɗaya mai boko yakan karanta, goma su saurara. Daga baya rediyo ya karɓi wannan aiki: Sashen Hausa na BBC a 1957, Rediyon Kaduna a 1962, Muryar Jamus a 1963, sai Muryar Amurka a 1979.

Abin lura shi ne, a duk waɗannan kafofi labari yana da uba. Tambayar farko a majalisa ita ce, "Wa ya faɗa?" Wannan ba abin mamaki ba ne a garin malamai, inda ɗalibi ya saba jin cewa ingancin hadisi yana rataye da isnadinsa. In aka ce daga London aka ji, gardama takan lafa. In kuwa aka ce daga "rediyo mai jini" ne, watau mutum mai yawo da jita-jita, sai a yi dariya a wuce. Wanda ya cika kawo ƙanzon kurege kuwa, majalisa takan shaida shi, maganarsa ta daina nauyi.

Sunaye

Kalmar "waya" aro ce daga Ingilishi, asalin ma'anarta zaren ƙarfe. Ta fara da wayar tangaraho, ta koma kan tarho, yau kuma tana nufin abin da ba shi da zare ko ɗaya. Da aka fara harkar salula a Nijeriya a watan Agusta 2001, layi kaɗai yakan kai naira dubu ashirin, don haka abin ya zama na masu hali. Da ya yi araha sai raini ya shigo: ƙaramar waya mai tocila ta zama "raka-ni-kashi", a gafarta. Babbar kuwa ita ce ta "shafa", mai yawan riƙe ta kuma an ce yana "latse-latse". Ninkin kalmar nan ba yabo ba ne. Sigarsa ɗaya da ta "yawace-yawace" da "kalle-kalle", watau aikin da ba shi da kai.

Masana da 'yan jarida sun ƙirƙiro "na'ura mai ƙwaƙwalwa" da "yanar gizo", amma a majalisa kwamfuta da intanet aka fi ji. Duk da haka "yanar gizo" ta dace fiye da yadda aka nufa, domin Bahaushe ba ya jin sunan Gizo bai tuna da mai wayon nan na tatsuniya ba.

Sabon Zaure

Sunan da ya fi jan hankali shi ne "zaure", wanda ake kiran rukunin hira na WhatsApp da shi. Akwai zauren dangi, da na unguwa, da na tsofaffin ɗalibai. An zaɓi sunan ne don kamar da ke tsakani: ana sallama, ana sanar da ɗaurin aure da rasuwa, akwai kuma mai zaure wanda zai iya korar mutum. To amma dattawan birni suna ganin kamar ta tsaya a nan. A zauren ƙasa yaro ba ya katse babba, kuma mai labari yana zaune ana ganin idonsa. A zauren waya kuwa amsar "Wa ya faɗa?" ita ce, "Turo mini aka yi."

An ga illar wannan a farkon Agusta 2014, sa'ad da cutar Ebola ta ɓulla a Legas. Cikin dare saƙo ya bazu ta waya cewa a sha ruwan gishiri a yi wanka da shi. Bai bar Kudu ba, bai bar Arewa ba. Kowa daga ɗan'uwansa ya ji, shi ya sa ya yarda, alhali ɗan'uwan ma bai san mafarin zancen ba. Kafin gwamnati ta ƙaryata, an kwantar da mutane a asibiti, har an ba da rahoton mutuwar wasu.

Sai dai hukuncin dattawa bai cika adalci ba, domin majalisar ƙofar gida ta maza ce zalla. Matar da ke cikin kulle ba ta da dakali, amma yanzu tana da zaure a hannunta, inda take tallar atamfa da turaren wuta ba tare da ta ɗora wa yarinya faranti ba. Saƙon murya kuma ya shigo da wanda bai iya boko ba.

Har ila yau, tilas ta sauya ra'ayin wasu. Bayan Babban Bankin Nijeriya ya sake fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000 a ƙarshen 2022, kuɗi suka yi wuyar gani a farkon 2023. Maɗinkin da a da ya rantse ba zai karɓi kuɗin da bai taɓa da hannunsa ba, sai ga shi yana miƙa wa ɗansa waya yana tambaya, "Duba mini, ya shigo?"