Kafin Ka Yi wa Tsakar Gida Daɓe

Maigida, kada sheƙi ya ruɗe ka. Da yawa kan shimfiɗa tayil mai santsi a tsakar gida, sai damina ta sauka ko ruwan alwala ya zuba, wurin ya zama tarko ga tsofaffi da yara. Irin wannan tayil na cikin ɗaki ne. A waje nemi mai kaushi, ko daɓen siminti da aka ja wa tsintsiya kafin ya bushe.

Inda mota ke bi kuwa, intalok ya fi, domin ko bututun ruwa ya fashe a ƙasa, ɗagawa za a yi a gyara a mayar. Mai kaurin milimita 60 ya ishi ƙaramar mota, amma in tankar ruwa ko tifa na shigowa, sayi mai 80.

Babban aikin dai yana ƙarƙashi. A kwashe ƙasa mai laushi, a zuba marmara a danne ta sosai, sannan yashi. Tsaya a kan birkila ya karkata daɓen, kamar santimita 2 a kowace mita, ruwa ya nufi kwata maimakon ya kwanta a gindin katanga. In siminti aka zuba, a riƙa ba shi ruwa har kwana 7.