Aikin Masu Binciken Ilmi: Darasi Daga Birnin Shikago

Akwai wata sana'a ta masana da ake kira binciken ilmi. Mai yinta ba a aji yake aiki ba. Shi dai nasa bin rajistar makarantu da sakamakon jarrabawa, domin a gane abin da ke sa ɗan talaka ya bar karatu alhali ɗan mai hali yana ci gaba. Mai son aikin sai ya yi karatun jami'a mai zurfi, ya ƙware a lissafi.

Cikin shekarar 1990 aka kafa ƙungiyar irin masanan nan a Jami'ar Shikago ta Amurka, domin makarantun birnin, inda yawancin yara 'ya'yan marasa ƙarfi ne. A 2007 suka bayyana cewa yawan fashi a shekarar farko ta sakandare ya fi makin jarrabawa nuna wanda ba zai gama ba. Sa'an nan malamai suka riƙa bin sawun kowane yaro tun fashin bai yi yawa ba. Da can wajen rabi ke gamawa, amma a 2020 sun wuce kashi 80 cikin 100.

Lalle hakimai da magatakarda su lura: rajistar da aka cika bisa gaskiya tana iya ceton karatun yaro.