Kafin A Sayi Kwamfutar Gem Da Katun: Lissafin Da Za A Fara Yi

 A wannan makon mu 'yan kulob ɗin jarida mun ɗauko batun kwamfuta, domin da yawa daga cikinmu muna son buga gem, wasu kuma suna mafarkin yin fim ɗin katun da Hausa. Irin wannan kwamfuta ba dole ne a saye ta a haɗe ba. Ana iya sayen sassanta ɗaya bayan ɗaya, mai gyara ya harhaɗa. Amma kuɗin ba na wasa ba ne. A nan Sabuwa sai mahaifi ya kai buhunan masara kasuwar Dandume kafin a fara maganar, don haka kuskuren sashe ɗaya asarar gida ce.

Mu fara da lissafi. Fim ɗin katun hotuna ne da ake jerawa da sauri, yawanci 24 a kowace daƙiƙa. Ke nan fim na minti ɗaya yana buƙatar hotuna 1,440. A ce kwamfuta tana ɗaukar minti 2 kafin ta gama fitar da hoto ɗaya mai haske da inuwa. Minti 2,880 ke nan, wato awa 48, kwana biyu cur tana aiki babu hutu, duk a kan minti ɗaya! Idan aka sami wadda take fitar da hoton a daƙiƙa 30, aikin zai sauko zuwa awa 12. Shi kuwa gem ba ya jira. Yana son hotuna kamar 60 a daƙiƙa nan take, in ba haka ba ɗan wasa ya riƙa tsinkewa yana gaban raga.

Sashen da yake ɗaukar mafi yawan wannan nauyi shi ne katin hoto, kuma galibi shi ne mafi tsada. Kamfanonin Nvidia da AMD ne suka fi suna a kansa. Abu biyu ake dubawa: ƙwaƙwalwarsa da wutar da yake ci. Misali, akwai RTX 3060 mai giga 12 wanda yake jan wuta kamar wat 170, sai RTX 4060 mai giga 8 wanda yake jan kamar wat 115. Na biyun ya fi sabunta, ya fi sauri a yawancin gem, kuma ya fi tattalin wuta. Na farkon ya fi wurin ɗaukar babban zane mai gidaje da bishiyoyi da mutane da yawa. Mai gem zai karkata ga na biyu. Mai katun sai ya tsaya ya yi tunani.

Furosesa ita ce take ba sauran sassa umarni, ta Intel ko ta AMD. A nan ne tarko yake. Kowace furosesa tana da irin gurbin da take zama a kan madabod, wato babban allon da komai yake hawa kansa. Furosesar Intel ba ta shiga gurbin AMD. Ko a cikin AMD ɗin ma, ta gurbin AM4 ba ta zama a AM5. Haka ram: AM4 yana aiki da DDR4, AM5 kuma da DDR5, bakinsu ma ba ɗaya ba ne. Wanda ya sayo furosesa a Kano, ya aika a sayo masa madabod a Computer Village ta Ikeja ba tare da ya rubuta lambobin ba, yana iya ƙarewa da kaya biyu masu kyau waɗanda ba su san juna ba. A rubuta a takarda, a nuna wa mai gyara tun kafin a biya.

Ram kamar tebur ne da ake baza littattafai. Manhajar Blender tana iya tashi da giga 8, amma masu ita sun fi ba da shawarar 32. A ganinmu 16 ya isa a fara, a bar gurbi ɗaya don ƙari daga baya. Wajen ajiya kuwa a sa SSD, ya fi tsohon hadis mai faifai sauri nesa ba kusa ba.

Yanzu ga abin da masu bidiyon Turai ba sa damuwa da shi, mu kuwa shi ne kan gaba: wuta. Kowa ya san yadda take zuwa ta tafi. A ce kwamfutar duka tana jan wat 300. A waccan awa 48 za ta ci yunit 14.4. Babban batirin inbata mai lamba 200 da bolt 12 yunit 2.4 yake riƙewa idan ya cika, kuma ba a son a tsotse shi ƙarƙaf. Ku raba da kanku ku gani: batir shida ke nan, har ma fiye. Shi ya sa katin da yake rage wat 55 ba ƙaramin abu ba ne ga mai sola. Haka akwatin da yake raba wuta a cikin kwamfutar, kada a sayi na banza don sauƙi, domin idan ya ƙone yana iya tafiya da katin hoton. A haɗa da sitabilaiza da UPS. Sannan ga ƙurar hunturu da zafin Afrilu. Gara akwati mai fanka da raga da wanda aka cika da fitilu masu launi. Fitilun nan ba sa ƙara saurin komai, sai dai su burge baƙo.

Kayan tokumbo ba laifi ba ne, yawancinmu ma su za mu iya. Sai dai a sa mai shago ya kunna katin, ya buɗe gem mai nauyi na ɗan lokaci, a saurari ƙarar fanka, a duba ko layuka suna fitowa a allo. A karɓi rasit.

Manhajar ita ce mai sauƙi, domin Blender kyauta ce. Da ita Gints Zilbalodis na ƙasar Latbiya da 'yan tawagarsa suka yi fim ɗin Flow, labarin wata kyanwa a cikin ambaliya, wanda ya ci kyautar Oscar a 2025. A gida Najeriya ma Adamu Waziri ya ƙirƙiro katun ɗin yara na Bino and Fino a Abuja. Wanda bai da kuɗin katin hoto tukuna zai iya fara koyon zane mai sauƙi da tsohuwar laftof, ya rage haske da inuwa, ya yi fim na daƙiƙa 10. Hotuna 240 ne kawai. Duk wanda ya gwada ya kawo wa kulob a filashi ranar Laraba bayan tashi, za mu roƙi malam ya nuna wa aji.