Kwanan Baƙo a Bakin Fadamar Baturiya: Jan Hankali ga Matafiya da Masu Masauki

Aikina shi ne yi wa baƙi jagora zuwa dausayin Haɗeja, musamman yankin Baturiya da ke ƙaramar hukumar Kirikasamma a Jihar Jigawa. Masu zuwa iri-iri ne: ɗaliban jami'a da malamansu, masu binciken ruwa da noma, ma'aikatan ƙungiyoyi, da masu sha'awar kallon tsuntsaye. Kusan dukansu masu lissafin guzuri ne, ba masu neman ɗakin alfarma ba. Kuma kafin su tambaye ni hanya ko kuɗin kwale-kwale, abin da suke fara tambaya shi ne, "Malam, a ina za mu kwana?"

Abin da ke damuna shi ne da yawansu ba sa kwana. Su taso daga Kano ko Dutse da safe, su iso rana ta take, su leƙa bakin ruwa, la'asar na yi su juya. Duk wanda ya san fadama ya san cewa ba su ga komai ba. Tsuntsaye suna harkarsu ne daga fitowar alfijir zuwa hantsi, sai kuma dab da magariba. Idan na tambayi dalilin gaggawar, amsar ɗaya ce: suna tsoron masauki mai araha a kusa da ruwa, tsoron sauro da ƙazanta da ciwon ciki. Tsoron yana da tushe, amma abubuwan da ke haddasa shi ba masu tsadar gyara ba ne. Shi ya sa nake wannan rubutu.

Ya kamata mu san darajar abin da ke hannunmu. A shekarar 2008 aka saka Baturiya cikin jerin dausayoyi masu muhimmanci a duniya a ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar, da faɗin da ya haura hekta 100,000. A 2020 hukumar UNESCO ta amince da yankin Haɗeja, Nguru da Bade a matsayin keɓantaccen wurin kare halittu, kuma a shekarar ce Gwamnatin Tarayya ta sanar da amincewa da sababbin gandayen daji na ƙasa guda 10, har da dausayin Haɗeja. Tun a 1989 Yarima Philip, mijin Sarauniyar Ingila ta wancan lokaci, ya zo Dagona a ɓangaren Yobe don ganin tsuntsayen wannan ruwa. A lokacin sanyi agwagin ruwa da ƙananan tsuntsayen bakin gaɓa suna ƙetaro Bahar Rum da Sahara daga Turai, su tarar da dinya da kirinjijiya da zalɓe da balbela namu na gida.

Irin waɗannan tsuntsayen ƙaura, idan sun kama hanyar komawa arewa, suna yada zango a tsibiran Girka. A tsibirin Lesbos akwai wani ƙauyen masunta a bakin teku mai suna Skala Kalloni, kusa da filayen gishiri da fadamu. Daga tsakiyar Afrilu zuwa farkon Mayu, tun kafin masu wankan teku su fara zuwa, masu kallon tsuntsaye daga Ingila da sauran ƙasashen Turai suna sauka a ƙananan otal-otal na iyali da ke wurin. Ɗakunan ba na ƙawa ba ne. Abin da ke mayar da baƙi duk shekara shi ne tsafta, farashi bayananne, da mai masaukin da ya san abin da ya kawo baƙonsa. Tsuntsu bai fi yawa a can don an gina bene ba. Mutanen wurin ne suka gane cewa baƙon da ya kwana shi ne ke barin kuɗi a gari.

Ga matafiyi, abu na farko shi ne lokaci. Daga Agusta zuwa Satumba ruwan kogin Haɗeja yana kan ganiyarsa, hanyoyin ƙauyuka suna yankewa, kuma wanda ya ga ambaliyar 2020 da ta 2022 a Jigawa ba ya buƙatar ƙarin bayani. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ne tsuntsayen ƙaura suka fi yawa, hanya ta bushe, amma sanyin hunturu a bakin ruwa ya fi na cikin gari kaifi, don haka a riƙo bargo da rigar sanyi. Daga Maris zuwa Mayu zafi ne, ɗakin kwano marar silin kuma ba ya kwanuwa sai dare ya raba. Kafin ka biya, ka tambayi irin rufin ɗakin da inda tagoginsa suke kallo.

Na biyu sauro ne. Tun bayan gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, tafiyar ruwa a wannan kwari ta canza. Ana sako ruwa har da rani, magudanai suka cika da yashi, ciyawar kachalla ta mamaye su, ruwa ya riƙa kwanciya a wuraren da a da suke bushewa. Ma'anar wannan ga baƙo ita ce kada ya ce ai rani ne, babu sauro. Ka zo da gidan sauronka mai magani, da igiya da ƙusa, ko da an ce maka akwai a ɗakin. Ka ɗaga katifa ka duba ɗinkinta saboda kuɗin cizo. Idan zazzaɓi ya kama ka bayan ka koma gida, ko da mako biyu ne tsakani, ka je a gwada jininka, ka kuma faɗa wa ma'aikacin lafiya inda ka kwana.

Na uku shi ne wanda baƙi suka fi rainawa, wato shiga ruwa. Rana ta yi zafi, ruwa ga shi a kwance lumui, yara suna ta iyo, sai baƙo ya naɗe wando ya shiga. Ruwan da ba ya gudu, mai ciyayi, shi ne gidan katantanwar da ke ɗauke da ƙwayar tsargiya. Ƙwayar tana ratsa fata ba tare da an ji ba, sai bayan makonni ko watanni a fara ganin jini a fitsari ko ciwon ciki. Tana da magani, praziquantel, amma rigakafi ya fi magani. Idan aiki ya tilasta maka shiga, ka sa dogon takalmin roba. Ka kuma tambayi mai masauki daga ina aka ɗebo ruwan wanka: daga rijiyar burtsatse ko daga gulbi? Ruwan sha kuwa ko dai na leda ko na gora daga wurin da ka yarda da shi, ko wanda aka tafasa a gabanka.

Na huɗu janareta. Na taɓa isa wani masauki da ɗalibai na tarar an ajiye janareta a baranda, bakin salansarsa na kallon tagar ɗakin da za su kwana, wai don gudun ɓarayi. Hayaƙin yana ɗauke da iskar da ba ta da launi ba ta da wari, tana kashe mutum a cikin barci. Haka kaskon gawayi da ake shiga da shi ɗaki a rufe ƙofa lokacin hunturu. Ranar ba mu shiga ɗaki ba sai da aka fitar da injin can nesa a fili. Duk wanda ya ji ciwon kai da jiri a ɗakin da ke kusa da janareta, ya fita waje nan take, ya ta da na kusa da shi.

Na biyar kwale-kwale. A yi cinikin kuɗi da yawan mutane tun daga tudu. Kada a yarda da lodin da ya sa bakin jirgi ya kusa taɓa ruwa, kada a yi tafiyar dare, kuma kowa ya sa rigar kariya daga nutsewa ko da ya iya iyo, domin kachalla da sauran ciyayin ƙarƙashin ruwa suna riƙe ƙafar gwani.

Yanzu gare ku, iyayena da 'yan'uwana masu masauki, na cikin garin Haɗeja da masu ba da ɗakin soro a ƙauyuka. Karamci ba sai an koya muku ba. Sau da yawa baƙi sun ba ni labarin yadda aka tarbe su da fura da gasasshen kifi, aka ƙi karɓar ko sisi. Gaskiya ne shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, amma wanda ya biya kuɗin ɗaki yana da hakkin tabarmar ma. Raga a taga, gidan sauro marar huji, zanin gado wankakke, ƙofa mai sakata ta ciki, buta da bokiti masu tsafta, da wurin cajin waya ko da da ƙaramin faifan sola ne: duka wannan bai kai kuɗin talabijin ɗin da kuke sakawa ba, wanda babu wutar kunna shi.

Ku dubi banɗaki da idon basira. A fadama ruwan ƙasa yana kusa, ramin masai da aka haƙa dab da rijiya yana iya gurɓata ta. A bar tazarar aƙalla mita 30 tsakaninsu, a ɗaga ginin masai sama da inda ambaliya ke kaiwa, a sa murfi. Kada a bar ruwan wanka da shara su gangara gulbi, domin daga nan ne kifin da za ku sayar wa baƙon gobe yake fitowa. Ku tanadi ɗaki da makewayi na mata daban, saboda a tawagar ɗalibai ba a rasa mata, kuma sau da yawa rashin wannan ne ke sa malami ya ce a koma gida a ranar. Ku rubuta farashi ku manna a bango, ku rubuta sunan kowane baƙo a littafi. Mai kallon tsuntsu yana fita ne bayan sallar asuba, don haka shayi da ƙosai da aka shirya da wuri sun fi masa kazar da za ta nuna da hantsi.

Baƙo shi ma yana da nasa hakkin da zai sauke. Kafin ka shiga daji ka gaida mai gari ko bulama, ka sanar da ma'aikatan gandun, ka ɗauki ɗan jagora daga ƙauyen. Kada ka ɗauki hoton mata ko gidan mutane ba da izini ba. Kada ka sayi tsuntsun da aka kamo ko ƙwansa, domin sayenka ne ke aika yaro ya sake ɗana tarko. Ka sayi kifi da tabarmar kaba da goriba a hannun masu su, ka koma da ledojinka. Idan ɗaki ya yi maka, ka faɗa wa wasu. Idan bai yi ba, ka faɗa wa mai shi cikin mutunci.

Hukumomi kuwa ba sai sun jira ginin babban otal ba. Duba-gari su riƙa zagaya ƙananan masaukai suna nuna gyara, a samar da rigunan kariya a mashigai, a horar da matasan ƙauyuka aikin jagora, a fitar da jerin masaukan da aka duba domin malamin da ke shirya tafiyar ɗalibai ya san inda zai kira.

Masunci da manomi da makiyayi suna fama da kachalla da ambaliya da tsuntsayen jan-baki masu cinye hatsi. Ba adalci ba ne a ce musu su kare dinya da agwagin Turai alhali ba sa ganin amfanin hakan a tukunyarsu. Baƙon da ya kwana zai biya ɗaki, ya ci abinci, ya hau kwale-kwale, ya sallami ɗan jagora, kuma daga ranar mutanen gari za su fara kallon tsuntsu mai rai a matsayin dukiya. Kafin Nuwamba ta zo, mai masauki ya sa raga a tagarsa ya matsar da janaretansa, matafiyi kuma ya shirya kwana biyu maimakon yini ɗaya. Allah Ya kiyaye hanya, Ya sa albarka a ruwanmu.